Minti Goma Sha Biyar Babu Batir

Da ƙarfe ɗaya saura kwata na rana aka iske Sakataren garejin kwance rub da ciki a ofishinsa, ƙeyarsa a fashe. Yana numfashi, amma ba ya magana. Kusa da shi akwai libar cire taya. Kwamfutar da ke kan teburinsa tana kunne, babu komai a allonta sai baƙi da layi ɗaya na farin rubutu.

Kafin ƙarfe ɗaya da rabi mutanen garejin sun gama yanke hukunci. Mai Wayarin, wanda ke gyaran wutar motoci, shi ne ya fara ganin Sakataren, shi ne kuma ya buga wa mai gyaran kwamfutar waya ya ce ya dawo, na'urar ta sake lalacewa. Mai gyaran kwamfutar, wanda kowa ke kira Auta, ya dawo da jakarsa a kafaɗa. Bai kai ƙofar ofis ba aka rufe shi da duka. An karya masa haƙarƙari uku da yatsun hannun dama. Wani ya sauke masa bulo a gwiwa. An riga an rataya masa tsohuwar taya a wuya lokacin da motar ƴan sanda ta shigo.

Dalilinsu ke nan. Kwana shida kafin ranar, da safe, wata mota ta take matar da ke share ƙofar garejin, ta wuce. Matar ta mutu a wurin. Akwai kyamara a saman ƙofar, hotunanta kuma a kwamfutar Sakatare suke taruwa, sai dai fankar kwamfutar ta tsaya, da an buɗe hoto sai ta yi zafi ta mutu. A safiyar ranar Auta ya canza fankar. Sakatare ya fito ya gaya wa kowa cewa Sufeton ƴan sanda zai zo da ƙarfe biyu a kalli hotunan a gabansa. Yanzu ga Sakatare a asibiti, ga kwamfuta ta ƙi tashi. Mutanen suka ce an sayi Auta ne ya goge shaida.

An kwantar da Auta a asibitin da aka kai Sakatare, da ankwa a ƙafarsa mai lafiya. Likita ya ce da wuya Sakatare ya kai gobe. Idan ya mutu, tuhumar kisa ce.

* * *

Sufeto ya aika aka ɗauko Mai Sawu. Tsoho ne ɗan shekara sittin da takwas, ya yi talatin daga ciki yana bin sawun dabbobin da aka sace da mutanen da suka ɓace. Bai taɓa danna kwamfuta ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ofis kusan minti biyar bai shiga ba.

"Baba, an gama tattake wurin," in ji Sufeto. "Mutum ashirin sun shiga."

"Ta tsakiya suka bi. Bayan tebur mutum ɗaya ne ya je."

Daɓen ofishin ya ɗan gangara zuwa bango. Jinin ya bi gangaren ya wuce ƙarƙashin tebur. A wuri ɗaya ya rabu biyu, ya kewaye wani abu, ya sake haɗuwa, ya bar busasshen siminti mai siffar dunduniya. Mai Sawu ya tsuguna ya auna da yatsunsa.

"Jini ba ya sauri a siminti. Kafin ya taso daga can ya iso nan, ya kewaye ƙafa, ya fara daskarewa, an yi minti goma ko fiye. Mutumin nan ya bugi Sakatare, sannan ya tsuguna a nan bai motsa ba."

"Yana me?"

"Yana jira."

"Jiran me, alhali ga mutum yana zubar da jini a gabansa?"

"Shi ne ban sani ba tukuna."

Dunduniyar ta takalmin roba ce, irin wanda rabin garejin ke sawa. Takalman Auta kuwa sun ɓace a wurin duka.

* * *

Sun fara da Mai Faci, mai gyaran tayoyi, tunda libar tasa ce. Ya amsa tun kafin a tambaye shi.

"Tawa ce, ranka ya daɗe, amma ta kowa ce. Ko haƙori mutum zai cire a garejin nan, libata yake ɗauka."

"An ce kun yi faɗa da Sakatare."

"Mun yi. Ya matsar da rumfata kusa da banɗaki. Na zage shi, na haɗa da kakansa. Amma zagi ba liba ba ne."

"Ina kake da tsakar rana?" in ji Mai Sawu.

"Tura babbar mota, Baba. Ta ƙi tashi, ta tare hanya. Muka yi ta ƙwala wa Mai Wayarin kira har muryata ta dushe, na leƙa rumfarsa ba kowa. Mu bakwai muka tura ta. Dubi kafaɗata."

Mai Walda ƙato ne, gaban rigarsa duk jini. Ɗan sandan da ke tare da su ya riga ya kama hannunsa. Mai Sawu ya dubi rigar ya ce a sake shi, wannan jinin ɗauka ne, ba na bugu ba, babu ɗigo ko ɗaya da ya fantsama.

"Ni na ɗauke shi zuwa mota," in ji Mai Walda. Sannan ya ƙara: "Ni ne kuma na sauke wa Auta bulon. Ba zan ɓoye ba."

"Ka gan shi ya bugi Sakatare?"

"An ce an gan shi."

Maigadi ya buɗe littafin da yake rubuta shiga da fita. Auta ya fita da ƙarfe goma da minti arba'in, yana ta faɗa, saboda Sakatare ya sake ɗora kofin shayi a kan kwamfutar. Babbar motar da aka tura ta fita da sha biyu da kwata. Maigadi ya yarda cewa katangar baya ta zube a wuri ɗaya, kowa na iya shigowa ta nan.

Mai Wayarin yana zaune a rumfarsa yana naɗe waya. Mutum ne mai tsabta, mai magana a hankali. Ya miƙe ya ba Mai Sawu kujerarsa.

"Wajen sha ɗaya na ga Auta ya tsallako ta katangar baya," in ji shi. "Na ɗauka mantuwa ya yi. Da na sani, Baba, da na bi shi."

"Kai kana ina?"

"Nan. Tun safe ban ɗaga daga kan bencin nan ba, sai da na je neman Sakatare na iske abin da na iske."

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa. Silifa ne a ciki. Takalman aikinsa suna jingine a rana, a wanke.

A asibiti Auta ya gaya wa ƴan sanda cewa daga sha ɗaya da rabi zuwa ɗaya yana wata makaranta yana gyaran firinta, shugabar makarantar kuma ta tabbatar. Amma daga goma da arba'in zuwa sha ɗaya da rabi yana kan hanya, ba shi da shaida. Maganar Mai Wayarin ta faɗa daidai cikin wannan gurbin.

* * *

Da ƙarfe uku da rabi wata mata ta iso da jakar kayan aiki. Yayar Auta ce, ita ta koya masa gyara, abokan cinikinta suna kiranta Injiniya. Ta ratsa mutanen da suka doki ƙanenta ba ta dubi kowa ba.

"Ku bar ni in tayar da ita," ta ce wa Sufeto.

"Ke ƴar'uwar wanda ake zargi ce. Ki taɓa shaida?"

"To kawo wani. Ƙwararrenku sai sati mai zuwa, na tambaya. Ƙanena ba zai kai sati a ɗaure ba, mutanen nan sun ce za su bi shi asibiti."

"Bar ta," in ji Mai Sawu. "Zan tsaya a kanta. Ƴata, duk abin da za ki taɓa, ki fara gaya mini."

Ta karanta rubutun da ke allon. "Tana cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Ka gane, Baba, babbar manhajar da ke tafiyar da komai a faifai take, tare da hotunan. Ko dai an cire faifan, ko an goge shi, ko kuma tana nemansa ta hanyar da ba ita ba."

Ta kashe ta, ta zare wayar wuta, ta kwance notuna biyu, ta ɗaga murfin. Mai Sawu ya riƙe hannunta. A cikin murfin, ta gefen da ba a gani sai an buɗe, akwai shafar jini ta babban yatsa.

"Bayan an bugi Sakatare aka buɗe," in ji shi. Sufeto ya sa aka ɗauki hoto.

Faifan yana nan. Ta matsa wayoyinsa biyu, suna zaune daram. Ta mayar da wuta, ta kunna, ta ɗora kunne a jikin ƙarfen.

"Yana juyawa lafiya. Ba ya ƙwanƙwasa."

"Wannan fa?" Mai Sawu ya nuna wani abu mai kama da maɓallin riga, mai sheƙi, a tsakiyar allon wayoyin. "Komai a nan ya yi ƙura sai shi. Kuma ga ƙarcen wuƙa a gefensa."

"Batir ne. Shi ke riƙe agogo da saitin farko idan an ɗauke wuta." Ta haska shi da tocila, ta matso da fuskarta. "An kankare shi. An kankare ƙarfen da ke riƙe shi ma. Kuma..." Ta taɓa gefensa da bakin sikundireba ta shinshina. "Giris ne. Wane mahaukaci ne zai shafa wa wannan giris?"

"Ƙanenki ba ya yi?"

"Da ya yi, da ni zan karya masa yatsun."

Ta sake kunna kwamfutar tana danna maɓalli ɗaya a jere. Wani shuɗin shafi ya fito. Ta duba, ta saki numfashi.

"Ga matsalar. An cire batirin, saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Tana neman faifan ta tsohuwar hanya, shi kuwa da sabuwa aka ɗora masa manhajar. Layi ɗaya zan canza. Dubi agogon ma ya rikice, wai yau ɗaya ga watan ɗaya, shekara goma sha huɗu baya, ƙarfe uku da minti arba'in da ɗaya. Bari in gyara shi tukuna."

"Tsaya." Mai Sawu ya sa hannu a kan nata. "Agogon nan yana tafiya?"

Suka zuba ido. Arba'in da ɗaya ta zama arba'in da biyu.

"Daga ina ya fara ƙirga?"

Injiniya ta janye hannunta daga maɓallan a hankali. "Daga sifili," ta ce. "Daga lokacin da aka mayar da batirin aka kunna ta."

"Sufeto, ƙarfe nawa a hannunka?"

"Huɗu saura minti bakwai."

Ita ta yi lissafin a bayan takardar da ke kan tebur. Awa uku da minti arba'in da biyu baya. Ta rubuta sha biyu da minti goma sha ɗaya, ta ja layi a ƙasa. Sufeto ya daɗe yana kallon lambar. A wannan lokacin Auta yana makaranta, a gaban shugaba da malamai huɗu.

"Cire batirin yana goge hotuna?" in ji Mai Sawu.

"Ko ɗaya."

"To wa zai ɗauka yana gogewa?"

Mai Sawu ya fita, ya tsaya wurin wani bakanike da ke ƙarƙashin mota, ya yi masa tambaya biyu, ya dawo. Ya ce wa Sufeto a tara mutane.

* * *

An fito da teburin zuwa bakin ƙofar ofis, aka jawo waya. Mai Faci, Mai Walda, Maigadi da Mai Wayarin suna gaba. Sauran ƴan garejin, kusan mutum arba'in, suna baya. Allon yana kan shuɗin shafin.

"Ni ban san mota ba," in ji Mai Sawu. "Mai Wayarin, taimaka wa tsoho. Idan ƙwaƙwalwar mota ta riƙe wani laifi, fitila ta ƙi mutuwa a gaban direba, yaya ake sa ta manta?"

"Mai sauƙi ne, Baba. A cire kan batir."

"Nan take a mayar?"

"A'a. Sai an jira wutar ciki ta tsiyaye. Minti goma sha biyar."

"Ko ana sauri?"

"Ko ana sauri. In ba haka ba aikin banza ne."

"Kafin a mayar fa?"

"A kankare kan, a ɗan shafa giris saboda tsatsa."

"Shi kam ko batirin tocila ka ba shi sai ya shafa masa," in ji Mai Faci. Wasu suka yi dariya. Mai Wayarin bai yi ba.

Mai Sawu ya faɗi sauran ba tare da ya ɗaga murya ba. Wanda ya bugi Sakatare ya buɗe kwamfutar da jini a yatsa, ya nemi batir saboda abin da ya sani ke nan, ya cire shi, ya tsuguna yana jiran minti goma sha biyar ɗinsa har jini ya kewaye masa dunduniya. Ya kankare, ya shafa, ya mayar, ya kunna. Da ya ga baƙin allo sai ya ɗauka ta manta. Agogonta ya nuna an yi hakan da sha biyu da minti goma sha ɗaya.

"A wannan lokacin mutum bakwai suna tura babbar mota. Suna kiran mutum ɗaya, rumfarsa babu kowa. Shi kuma ya ce mini tun safe bai ɗaga daga benci ba."

"Banɗaki na zaga," in ji Mai Wayarin.

"Rumfata tana ƙofar banɗakin," in ji Mai Faci. "Sakatare ne ya kai ni. A gabanta muka tura motar. Ba ka zo ba."

"Ƴata," in ji Mai Sawu, "canza layin. Kada ki taɓa agogon."

Injiniya ta canza, ta adana. Allon ya yi baƙi. Kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya. Sai ga alamar manhaja ta fito, ɗigo-ɗigo suna zagayawa a ƙasanta.

Ba wanda ya ga lokacin da Mai Wayarin ya zaro sifana daga aljihun baya. Ya yi tsalle ya kai wa akwatin kwamfutar duka. Injiniya ta kifa a kan akwatin. Sifanar ta sauka a damtsenta, aka ji ƙarar ƙashi. Ya ɗaga zai ƙara, Mai Walda ya sure shi ta ƙugu ya maka shi a jikin wata mota har gilashin ya tarwatse. Haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Mutanen baya suka taso. Wani ya ɗauko bulo. Wani ya mirgino tayar nan ta ɗazu.

Mai Sawu ya shiga tsakani ya tsaya a kan mutumin da ke ƙasa.

"Yau kun riga kun yi sau ɗaya," in ji shi.

Mai Walda ne ya karɓe bulon daga hannun mai shi, ya jefar bayan katanga. Ƴan sanda suka sa wa Mai Wayarin ankwa.

Injiniya ta buɗe hotunan da hannun hagu. Safiyar kwana shida baya, ƙarfe bakwai da minti huɗu. Wata farar mota ta fito daga garejin a guje, direban yana kallon ƙasan sitiyari, ba hanya ba. Matar tana duƙe tana shara. Motar ta hau ta, ta tsaya. Mai Wayarin ya fito, ya leƙa ƙarƙashi, ya dubi hagu da dama, ya koma ciki. Ya ja motar gaba, tayar baya ta sake bi ta kanta. Motar wani mai kawo gyara ce, ya fita gwada wutarta.

Maigadi ya cire hularsa.

* * *

Sakatare ya rasu da ƙarfe biyar da minti ashirin, bai farfaɗo ba. Da shida saura kwata aka cire ankwa daga ƙafar Auta. Likita ya ce yatsunsa biyu ba za su sake lanƙwasawa ba.

An ɗaure wa Injiniya hannu a ɗakin da ke kusa. Ta shigo ta zauna a gefen gadon Auta. Leɓɓansa sun kumbura, sai da ta sunkuya ta ji abin da yake cewa.

"Yaya, ta tashi?"

"Ta tashi."

"Ba fankata ba ce?"

"Fankarka lafiya lau. Saiti ne."

Ya rufe ido. Mai Walda yana tsaye a baranda tun ɗazu da ledar lemo a hannu. Ba a ce ya shigo ba, bai kuma tafi ba.

An kai kwamfutar ɗakin ajiyar shaida da takarda manne a jikinta, da rubutun Sufeto: kada a cire batir, kada a gyara agogo. Ranar da aka kunna ta a kotu, agogon ya nuna kwana ɗari da tara da mayar da batirin.